Gashin Bakin Tartsatsi da Dodannin Wuta Shida

Tartsatsi mai walda mutum ne da bai taɓa yin kuskure ba a rayuwarsa, in dai shi ka tambaya. In ƙofar da ya haɗa ta ƙi rufuwa, ginin ne ya karkace. In gadon da ya yi yana rawa, daɓen ɗakin ne ba daidai ba. Shekara ashirin da uku yana sana'ar nan, kuma babu ranar da za ta fito ta faɗi bai gaya wa wani cewa shi wuta ba ta taɓa ƙona shi ba. Wai ta san ubangidanta.

Ƙarya yake yi, shaidar ma tana nan ƙarƙashin hancinsa. Ranar da ya fara koyon aiki ya ɗauko wani guntun ƙarfe mai zafi da filaya ya kai baki zai hura, ƙarfen ya manne masa a leɓen sama. Tabon ya zauna, girman ƙwayar wake, gashi ba ya fitowa a wurin. Shi ya sa ya tara gashin baki mai kauri, kullum da safe sai ya ɓata minti goma gaban madubi yana taje na dama da na hagu har su haɗu su rufe asirin. Matarsa kaɗai ya gaya wa, ita ma sai da ya sa ta yi alkawari sau uku. Mai askin layin kuwa shekara goma sha ɗaya yana aske masa kai, ba a taɓa barin kilifarsa ta sauko ƙasa da kunne ba, abin kuma yana cin ransa.

Jikin shagon waldar akwai wurin wankin mota. Mai wankin motar wani siriri ne shiru-shiru, kullum wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, kuma ruwan kumfarsa ta ƙofar Tartsatsi yake gangarawa. Kowace safiya Tartsatsi zai fito ya zazzaga masa masifa, shi kuma ya ce, "Yi haƙuri, maƙwabci," ya ci gaba da fesa ruwansa.

Ana haka wasan dodanni ya shigo layin ta wayoyin mutane. Wasan ba wani ɓoyayyen abu ba ne: ka kama dodanni, ka rene su, ka zaɓi shida ka haɗa runduna, a kara da ta wani. Akwai na wuta, akwai na ruwa, da na tsiro, da na lantarki, kowanne da wanda yake ci da wanda ke cinsa. Manya da gemunsu suka dulmiya. Har mai gyaran wayar layin ya sa ranar gasa, Asabar ta sama, a gaban shagon aski.

Ranar da tsautsayi ya kira Tartsatsi, yana zaune ne a kujerar aski da ƙyalle a wuya, rabin kansa a aske, mai askin kuma ya bar shi ya tafi leƙen wayar mai wankin mota. Da Tartsatsi ya gaji da jira ya tambayi abin da ake kallo. Mai gyaran waya, bawan Allah, ya zauna yana yi masa bayani tsakani da Allah, har ya zo wurin da ya ce ruwa yana cin wuta. Nan Tartsatsi ya yi wata dariya da ta sa gashin bakinsa rawa.

"A wace duniyar? Ni da nake yanka ƙarfe da wuta kamar ana yanka sabulu. Ruwa me ya taɓa ci?"

Mai wankin mota bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ƙasan ƙofarka, maƙwabci. Kai da bakinka kake faɗa kullum."

Shagon ya kwashe da dariya. Tartsatsi ya cika ya yi fam, ya miƙe da ƙyallen a wuya ya ce a sa sunansa a gasar, kuma a haɗa shi da wannan mai jiƙaƙƙen wandon. Zai zo da dodannin wuta shida cif, ba gauraye, in shi ya yi nasara, mai wankin mota ya haƙa kwata da hannunsa ya kau da ruwansa daga ƙofar mutane. Mai wankin mota ya ce ya yarda. Sai mai aski, wanda shekara goma sha ɗaya yake jiran irin wannan rana, ya tambaya cikin ladabi, to in kuma Yallaɓai ne ya faɗi fa, ko za a ba shi gashin bakin nan ya gwada sabuwar rezarsa.

Nan take Tartsatsi ya tuna da tabon. Amma bakinsa ya saba riga hankalinsa isa wuri, kafin ya ankara ya ji kansa yana cewa a aske har da gira in an ga dama.

Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, kuma wata shida ke nan tana buga wasan a lokacin hutunta ba tare da ta dami kowa ba. Da ya ba ta labari da yamma yana hura hanci, ajiye cokali ta yi ta dube shi.

"Maigida, ka dai tuna abin da ke ƙarƙashin gashin nan ko?"

Ya ce ta yi ƙasa da murya, bango ma kunne gare shi a gidan haya. Ta yi ƙasa da muryar, ta shiga lallashi. Ta ce ya sa na tsiro ko guda ɗaya, shi ke shanye ruwa, ya ƙara da na lantarki, sauran huɗun ya cika da wutarsa in ya ga dama. Ta ce kowane dodo dabara huɗu ake koya masa, ya bar wa kowanne ɗaya ta kare kai. Ya ce kare kai aikin matsorata ne, shi nasa dukkan huɗun na kai duka ne, in ma dodo ya zo da ta kare kai goge ta zai yi. Ta tambaye shi to me ya sa yake sa baƙin gilashi in zai yi walda. Ya ce don kada wutar ta haɗa ido da shi ta firgita ta mutu a tsakiyar aiki. Ta ɗauki cokalinta ta ci gaba da cin abinci.

Matsalar farko babban yatsansa ne. Shekara ashirin da uku na riƙon ƙarfe sun mai da shi kamar ƙasan takalmi, in ya danna fuskar wayar ko gezau ba ta yi. Wani zai gwada da wani yatsan. Tartsatsi samfefa ya ɗauko ya goge manyan yatsun nasa duka biyun har sai da suka yi ja suna ɗigar ruwa, matarsa ta naɗe masa su da bandeji tana girgiza kai. Kwana uku da hanci yake buga wasan. Wata mata da ta zo karɓar tagar da ta ba da aiki ta tarar da shi ya kifa kai kan tebur yana caccakar waya kamar kaza ta samu tsaba, ta juya a hankali ta ce za ta dawo in ya samu sauƙi.

Matsala ta biyu ƙwai ne. A wasan ana samun ƙwan dodo, kuma ba ya ƙyanƙyashewa sai ka yi tafiya mai nisa da wayar a jikinka, ita ke ƙirga takunka. Mai wankin mota zagaya motoci kawai yake yi nasa suna fashewa. Tartsatsi ya ce tafiya ta marasa basira ce. Ya ɗaure wayar da igiyar roba a fiffiken fankar shago, ya kunna a lamba ɗaya, ya zauna ya harɗe ƙafa. Abin haushi, dabarar ta yi aiki. Kafin azahar ƙwan ya fashe, Tartsatsi ya tara maƙwabta su zo su ga abin da basira ta haifa.

Wani ɗan mitsitsin abu ne ya fito, shuɗi, mai kama da kwaɗo, idanunsa rabi a rufe kamar an tashe shi daga barci. Na ruwa ne. Mai gyaran waya ya dafe kai ya ce wannan a ƙwai ɗari da ƙyar a samu ɗaya, shi ne mai saukar da ruwan sama a filin faɗa, shi wata huɗu yana nema bai samu ba. Da labari ya kai wa matar Tartsatsi, ta bugo waya daga wurin aiki ta ce don girman Allah ya riƙe shi, ko ba zai sa shi a runduna ba, kada dai ya bari ya shiga hannun wani. Tartsatsi ya ce shi ba ya kiwon kwaɗi. A ranar ya yi musaya da mai wankin mota, ya ba shi kwaɗon ya karɓi wani ƙaton dodon wuta mai ƙaho huɗu da hayaƙi a hanci. Ya bi shago-shago yana ba da labarin yadda ya yi wa sakarai wayo. Mai wankin mota ya yi godiya, ya sa wa kwaɗon suna Soso.

Da ya ga lamba ɗaya ta ba da ƙwai ɗaya a rabin yini, lissafi ya nuna masa lamba biyar za ta ba da biyar. Ya ɗaure wayar, ya murɗa fankar har ƙarshe. Ta yi zagaye kamar goma lafiya lau, sannan robar ta tsinke. Wayar ta wuce ta saman kan wani mai babur da ya kawo gyaran salansa, ta bugi bango, ta faɗa cikin bokitin da Tartsatsi ke tsoma ƙarfe mai zafi. Kwana uku tana kwance a buɗe a teburin mai gyaran waya kafin ta farfaɗo. Mai aski ya leƙo ya yi masa jaje, ya ce ashe tun ba a fara ba ruwa ya ci ɗaya.

Tartsatsi ya zauna ya yi nazari, ya gano inda laifin yake: masu ƙera waya ba su san aiki ba, abu ba ƙwari. Saboda haka ranar Asabar da safe ya yanko ƙarfen da yake yin ƙofar gareji da shi, ya haɗa wa wayar sulke, ya bar 'yar taga ta fuska. Ya rufe shago tukuna don kada a gani a ce ya nemi taimakon ruwa, ya lulluɓe wayar da jiƙaƙƙen tsumma, sannan ya ɗiɗɗiga walda a kusurwa huɗu. Da ya gama, wayar ta kai nauyin dutsen guga, sai da ya yi mata maratayi.

Da la'asar aka jera benci a gaban shagon aski, aka fito da talabijin aka haɗa don kowa ya gani. Layin ya cika, har masu wucewa suka tsaya. Tartsatsi ya iso cikin rigar fatarsa ta aiki da baƙin gilashi a goshi, gashin baki ya sha mai yana ƙyalli, waya a rataye a kafaɗa. Ya ɗora ta kan tebur, teburin ya yi ƙara. Ya sanar da jama'a sunayen rundunarsa: Gobara, Garwashi, Rushi, Tanderu, Harshe, da mai ƙaho huɗun da ya sa wa Babban Oga.

Mai gyaran waya ya ce a shiga fili. Mai wankin mota ya shiga. Tartsatsi ya danna, ya sake dannawa, ya ɗaga wayar sama da hannu biyu yana juyawa. Babu sabis ko layi ɗaya. Mai gyaran waya ya ƙwanƙwasa sulken da yatsa ya tambaye shi ta ina yake so sabis ɗin ya shiga, ko shi ma an bar masa taga. Ya ce ƙa'ida minti goma ce, wanda bai shiga ba ya faɗi, mai aski kuwa har ya fara wasa reza.

Tartsatsi ya ruga shago ya jawo injin yankan ƙarfe da doguwar wayar lantarki, ya danne sulken da ƙafa a tsakiyar taro ya hau yanka. Mutane suka watse da bencinsu. Tartsatsin wuta ya yi ta feshi har ya kama tawul ɗin da mai aski ya shanya a igiya, daga nan ya lasa gefen rumfa. Mai wankin mota ya tashi ba gaggawa, ya jawo tiyonsa, ya kashe tawul, ya kashe rumfa, kuma da yake Tartsatsi yana tsakiya, shi ma ya samu rabonsa daga kai har ƙafa.

"Yi haƙuri, maƙwabci," in ji shi.

Tartsatsi bai samu bakin masifa ba, don ya ji gashin bakinsa ya jiƙe ya rabu biyu. Ya kifa tafin hannu a baki, ya juya wa jama'a baya, ya zaro ɗan mataji daga aljihu ya yi gyara. Saura minti ɗaya ya shiga fili, yana ɗigar ruwa. A daidai lokacin matarsa ta sauko daga mota da kayan aikinta, ta tsaya a bayan taro ta rungume jaka.

A talabijin Gobara ya fito yana ruri, ya cika rabin allo. Ta ɗaya gefen Soso ya fito ya yi hamma. Yana fitowa sama ta yi baƙi a filin, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Tartsatsi ya ce wannan yayyafin ba zai hana komai ba, ya saki dukan da ya fi kowanne ƙarfi. Wuta ta turnuƙe allo. Da hayaƙi ya washe, ga Soso nan zaune inda yake, ɗan abin da ya ragu a layin ƙarfinsa sai ka matso kusa za ka gani. Sai ya kumbura kumatu ya tsarta ruwa sau ɗaya. Gobara ya kife.

Tartsatsi ya ce dama wannan na gwaji ne. Garwashi ya shigo, tsartuwa ɗaya. Ya ce talabijin ɗin tana jinkiri. Rushi ya shigo, tsartuwa ɗaya. Ya ce a duba wayar mai wankin mota, akwai abin da aka saka mata. Da Tanderu ya faɗi, sai ya waiga ya hango matarsa, ya tambaye ta da ƙarfi wane maɓalli ne na kare kai.

"Wanda ka goge, Maigida," ta ce.

Harshe bai ko samu damar buɗe baki ba. Saura Babban Oga, mai ƙaho huɗu. Mai wankin mota ya dube shi a allo da tausayi ya ce wannan ai tsohon nasa ne, ya san shi, ba ya son sanyi ko kaɗan. Maimakon ya kai duka, sai ya sa Soso ya kwanta barci don ya mai da ƙarfinsa. Jama'a suna kallo Tartsatsi ya yi wa kwaɗo mai barci duka uku da iya ƙarfinsa, yana gumi yana cije leɓe, kwaɗon yana minshari. A na huɗu Soso ya farka, ya yi miƙa, ya tsarta. Sauran dodanni biyar na mai wankin mota ko fitowa ba su yi ba.

Kafin ihu ya lafa mai aski ya fito da kujera tsakiyar layi ya kakkaɓe ta. Tartsatsi ya matsa kusa da shi ya yi ƙasa da murya, ya ce in ya bar maganar nan zai yi masa sabuwar ƙofa kyauta. Mai aski ya tambaya ko irin mai rufuwa. Gumi ya karyo wa Tartsatsi, har ya ba mai wankin mota tausayi.

"A bar masa kayansa," in ji mai wankin mota. "Ni na yafe."

Ga ƙofa an buɗe masa, kuma wannan mai rufuwa ce. Matarsa ta ɗaga masa gira daga nesa, alamar ya karɓa ya yi shiru. Amma a ce yau shi, Tartsatsi, mai jiƙaƙƙen wando ne zai yafe masa a gaban duk layi?

"Wa ya roƙe ka?" ya ce, ya faɗa kan kujerar da kansa.

Aka ɗaura masa ƙyalle. Ya runtse ido. Ya ji almakashi, ya ji sanyin kumfa, ya ji reza tana tafiya a inda ba ta taɓa bi ba, sannan ya ji iska ta taɓa tabon a karo na farko cikin shekara ashirin da uku. Ya ƙanƙame hannun kujera yana jiran dariyar da za ta kashe shi a layin nan.

Bai ji komai ba. Da ya buɗe ido ɗaya, rabin jama'a sun kewaye mai wankin mota suna roƙon ya nuna musu Soso, sauran suna mai da benci. Mai aski yana goge rezarsa. Tartsatsi ya kasa haƙuri ya tambaye shi ko bai ga komai ba.

"Tabon? Ai ya ma ragu, Yallaɓai. Da ya fi haka ja."

Mai gyaran waya ya ce shi tun ranar da ya kama shago a layin ya gan shi, lokacin da Tartsatsi ke hura shayi. Matar nan mai taga ta ce ita ta ɗauka ado ne. Mai wankin mota ya ce, "Duk ranar da ka yi min masifa sai ya leƙo, maƙwabci. Kullum ke nan." Tartsatsi ya juya ya kafe matarsa da ido. Ta ce ita wallahi ba ta gaya wa kowa ba, su ne ma suke tare ta a hanya suna ba ta sunan man da zai riƙa shafawa.

Wannan ya fi askin ciwo. Ashe duk shekarun nan da yake cewa wuta ba ta taɓa ƙona shi ba, suna gyaɗa kai suna cewa haka ne, tabon suke kallo. Ya tashi da ƙyallen a wuya ya shige shago, sai da mai aski ya bi shi ya karɓo kayansa.

Ranar Litinin da safe ruwan kumfa ya gangaro ta ƙofar shagon walda kamar kullum. Tartsatsi ya tsallake shi ya shige shago, leɓensa fayau. Can wani baƙo ya kawo gyaran keken ɗinki, yana jira yana kallonsa, har ya kasa daurewa ya ce, Malam, wuta ce ta yi maka wannan?

Mai aski ya tsaya da tsintsiya a hannu. Mai wankin mota ya rage ƙarfin tiyo.

Tartsatsi ya sauke baƙin gilashinsa, ya kunna inji.

"Ruwan zafi ne," ya ce. "Ai na sha gaya wa mutanen layin nan, ruwa mugun abu ne."